Takardar da na ƙi sa wa hannu

An haife ni a Jos, a unguwar Gangare, kuma mahaifina bakanike ne wanda ya ƙare rayuwarsa yana gyaran manyan motocin da ke kwasar dankali da kayan gwari daga Filato zuwa kudu. Tun ina firamare nake bin sa gareji a ranakun da babu makaranta, ina wanke noti da kananzir ina miƙa masa sifana. Yana da wata ɗabi'a da yaran garejin suke gunaguni a kanta a bayan idonsa, wato duk wanda ya ɗaura taya ko ya taɓa birki, sai Baba ya zo da kansa ya sake bin kowane noti da hannunsa kafin a miƙa wa direba makulli, ko da kuwa wanda ya yi aikin ya daɗe a hannunsa. Idan aka ce masa an riga an duba, amsarsa ba ta wuce cewa gani ya kori ji. A wancan lokaci na ɗauka rashin yarda da mutane ne kawai irin na manya.

Ina ajin ƙarshe na firamare, a watan Yulin 1991, labari ya iso gidanmu cewa jirgin alhazai ya faɗi a Jidda. Mahaifiyata 'yar ƙasar Sakkwato ce, kuma yayanta da suke ciki ɗaya yana cikin jirgin. Ta riga ta haɗa kayanta za ta tafi taryar alhaji, sai tafiyar ta koma ta zaman makoki. Masu zuwa gaisuwa suna ta ba ta haƙuri da cewa kwana ne ya ƙare, kuma ya cika a kan hanyar dawowa daga ɗakin Allah. Na yarda da wannan a lokacin, kuma har gobe na yarda da shi. Amma babu wanda ya faɗa mana abin da ya sami jirgin, mu ma ba mu tambaya ba, domin a tunaninmu jirgin sama abu ne da ya fi ƙarfin tambayar talaka.

Sai da na shiga Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ina koyon aikin injiniyan gyaran jirgi, sannan na san yadda abin ya faru. Jirgin ƙirar DC-8 ne na wani kamfanin Kanada mai suna Nationair, wanda Nigeria Airways ya yi haya domin jigilar alhazai, kuma ranar 11 ga Yuli ya tashi zuwa Sakkwato ɗauke da mutum 261. Kwanaki kafin ranar, masu gyara sun auna tayoyinsa sun ga biyu daga cikinsu ba su da isasshiyar iska, amma ba a ƙara musu ba, aka ma sauya alƙaluman da ke cikin takarda domin su nuna komai daidai ne. Da safiyar tashi babban makanikin ya nemi iskar nitrojin da ake hura wa tayar jirgi, ba a same ta kusa ba, wanda ke kula da jigilar kuma bai yarda a jinkirta tashi ba. Jirgin yana gudu a kan titi tayoyi biyu suka fashe, ƙarfen ya riƙa gogar ƙasa har ya kama da wuta, matuƙan ba su san wuta ta kama ba suka naɗe tayoyin zuwa cikin cikin jirgin. Sun juyo domin su sauka, amma wutar ta riga ta cinye ƙasan jirgin, ya faɗi kafin ya kai titin sauka, kuma babu wanda ya fita. Ranar da aka karanta mana wannan a aji ban iya cin abinci ba. Na daɗe ina tunanin ko in faɗa wa mahaifiyata, daga ƙarshe na bar ta da abin da ta sani.

Na fara aiki a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja a shekarun da hankalin kowa ya tashi game da jirage a ƙasar nan. A watan Oktoban 2005 jirgin Bellview ya faɗi a jihar Ogun, a watan Disamba na Sosoliso ya faɗi a Fatakwal da ɗalibai da yawa a ciki, sannan ranar 29 ga Oktoban 2006 jirgin ADC ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja, Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido yana cikin waɗanda suka rasu. Kowanne da nasa musabbabin, amma bayansu an yi sabuwar dokar sufurin jiragen sama a 2006, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, ta ƙara tsaurara sa ido, mu kuma matasa muka taso da jin cewa ƙa'ida ta samu gindin zama. Bayan shekaru ina aiki a ƙarƙashin manya na ci jarrabawa na karɓi lasisi, daga baya kamfanin da nake wa aiki ya ba ni hatimi da izinin sallamar jirgi.

Ya kamata in bayyana abin da wannan izini yake nufi, domin shi ne tushen duk abin da ya same ni. Jirgi ba ya tashi bayan an taɓa shi sai wani mai lasisi ya rubuta a littafin jirgin cewa an yi aikin kamar yadda kundin gyara ya tanada, ya sa hannu, ya buga hatiminsa mai lamba. Kyaftin ba ya buɗe fukafuki ya leƙa ciki, abin da yake karantawa shi ne wannan rubutu, kuma a kansa yake ɗaukar mutum ɗari da wani abu zuwa sama. Akwai kuma ayyukan da mutum ɗaya ba ya isa, musamman duk abin da ya shafi wayoyi da sandunan da ke juya jirgi ko sarrafa inji. Irin waɗannan sai an sami mutum na biyu, wanda bai sa hannu a aikin ba, ya zo ya duba da idonsa kafin a rufe wurin, shi ma ya sa nasa hannun. Ba don ana zargin na farko da ha'inci aka yi wannan doka ba. An yi ta ne domin an gane cewa mutum, komai ƙwarewarsa, idan ya gaji ko aka katse shi a tsakiyar aiki, zai iya kallon ramin da babu fil a ciki ya ga kamar akwai, saboda zuciyarsa ta riga ta gaya masa cewa ya sa.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na jirgin British Airways a watan Yunin 1990. Wani ƙwararren shugaban masu aikin dare ya canza gilashin gaban jirgin a tsakar dare, ya zaɓi kusoshin ɗaurewa da ido ta hanyar kwatanta su da waɗanda ya cire, bai koma kundi ya duba lambarsu ba. Cikin guda 90 da ya ɗaura, 84 sun fi ƙa'ida siranta da ɗan abin da ido ba ya rabewa, shida kuma sun gaza tsawo. Jirgin ya haura ƙafa dubu 17 gilashin ya fice, iska ta fizgi kyaftin har rabin jikinsa ya fita waje, ma'aikatan jirgin suka riƙe ƙafafunsa har mataimakinsa ya sauke jirgin a Southampton, kuma Allah ya sa ya rayu. Mutumin da ya yi aikin ba malalaci ba ne, so ya yi ya taimaka jirgin ya fita a kan lokaci. Kuma a tsarinsu na lokacin gilashi ba ya cikin ayyukan da ake kiran mutum na biyu ya duba.

Matsalata ta fara ne a wani daren damina. Jirginmu ya kwana a Abuja zai yi tashin farko da safe, ni da wani matashi da ke koyon aiki a hannuna muna yi masa binciken kullum. Mun jira tayoyin suka huce, domin taya mai zafi ba ta ba da awo na gaskiya, sai ya ɗora gejin auna iska a kan ɗaya daga cikin manyan tayoyin, ya ɗaga kai ya ce, “Oga, zo ka gani.” Tayar irin wannan jirgi tana ɗaukar iska kusan 200 a ma'aunin geji, alhali ta ƙaramar mota 30 da 'yan kai ce, kuma wannan ta sauka da kusan kashi 15 cikin ɗari. Na haska ta da tocila, a ido babu abin da ya bambanta ta da 'yar uwarta. Haka abin yake kullum, domin tayoyin a jere suke biyu biyu a kan ƙarfe ɗaya, kamar mutum biyu da suka ɗauki buhu ɗaya ya sassauta hannu, nauyin duka sai ya koma kan ɗayan, kuma a Jidda mai lafiyar ce ta fara fashewa. Kundin gyara bai bar wurin shawara ba. Idan iskar ta ragu kaɗan ana ƙarawa a rubuta a sake aunawa, amma idan ta ragu da fiye da kashi 10 cikin ɗari cire tayar ake yi, domin ta riga ta yi gudu a lanƙwashe kuma zaren cikinta yana iya lalacewa ba tare da an gani ba. Idan ta wuce kashi 20 har 'yar uwarta ake cirewa.

Na aika sito a kawo taya, aka ce wadda ke nan an yi amfani da ita makonni da suka wuce kuma ba a aiko da madadinta daga Legas ba. Manajan tasha ya zo da kansa, ruwa yana ɗiga daga lemarsa, ya ja ni gefe ya yi mini magana cikin lallashi. Ya ce, “Injiniya, a ƙara mata iska ta kai Legas, tafiyar awa ɗaya ce, can za a canza. Kowa haka yake yi.” Na ce, “Yallaɓai, idan na ƙara iska, me zan rubuta a littafi?” Ya ce in rubuta an duba an samu daidai. Na gaya masa ba zan iya ba. Daga nan wayata ba ta huta ba har asuba, kowane mai kira ya fi na bayansa girman muƙami, wani da rarrashi, wani da tuna mini cewa akwai masu lasisi da yawa da ke neman aiki. Da gari ya waye fasinjoji suka cika zaure suna faɗa, wasu da taron da za su rasa, wasu da jirgin ƙasar waje da za su kama a Legas, kuma ban ga laifinsu ba. Sai bayan azahar taya ta iso a wani jirgin muka ɗaura.

Da aka kai tayar wurin gyara, abin da aka samu ɗan yoyo ne a bakin da ake hura iska. Mai yiwuwa ƙwarai da an ƙara mata iska ta kai Legas lafiya, kuma wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya fahimta game da aikinmu. Mafi yawan lokuta idan aka tsallake ƙa'ida babu abin da ke faruwa. Jirgi ya tashi ya sauka, kowa ya tafi gida, wanda ya tsallake ya ga kamar hikima ya yi, gobe ya sake, jibi wanda ke kallonsa ya koya, har abin ya zama al'adar wurin da ba a rubuta ta ko'ina ba. A 1993 wani jami'in hukumar sufuri ta Kanada mai suna Gordon Dupont ya tattara abubuwa goma sha biyu da ke jefa masu gyaran jirgi cikin kuskure, kuma ana koyar da su a duniya har yau. A cikinsu akwai gajiya, da matsin lamba, da ƙarancin kayan aiki, da rashin iya tsayawa a kan gaskiya a gaban na sama, da irin wannan al'ada. A daren nan guda na ga biyar daga ciki sun haɗu a kan taya ɗaya.

Bayan wannan aka fara yi mini kallon mai kawo cikas, amma abin da ya karya mini zuciya ya faru ne da yaron nan mai koyon aiki. Wata rana bayan an rufe murfin inji an tattara kaya, ya ƙirga akwatinsa ya ga ƙaramin kan sifana ɗaya babu. Ya zo jikinsa yana rawa ya faɗa. Muka sake buɗe injin, muka same shi ya maƙale a wani lungu kusa da bututun mai. A ganina ranar ya kamata a tara ma'aikata a yaba masa, domin abin da ya yi shi ne ainihin abin da ake so, kuma da ya yi shiru babu wanda zai taɓa sani. Maimakon haka aka dakatar da shi, aka yanke masa albashi saboda jinkirin da aka samu, ba a daɗe ba aka sallame shi. Na rubuta takarda ina roƙo a sake duba hukuncin, ba a amsa ba. Daga ranar sauran yaran suka daina kawo irin wannan rahoto, kuma na san kayan aiki ba su daina ɓacewa ba, tsoro ne ya rufe musu baki. Wannan ya fi tayar mini da hankali fiye da batun taya, domin kuskuren da aka faɗa ana gyara shi, wanda aka ɓoye kuwa tashi yake yi tare da fasinja.

Abu na ƙarshe ya haɗa ni ne da mutumin da na fi girmamawa a wurin, dattijon injiniya wanda a hannunsa na koyi yawancin abin da na sani. Ya canza wata sanda a cikin na'urar da ke juya wutsiyar jirgi, aikin da ke buƙatar duba na biyu, kuma ni ne mai dubawar. An riƙe ni a wani jirgin, kafin in iso lokaci ya ƙure, ya sa yara sun rufe murfin sun ɗaure. Ya miƙo mini katin aiki da biro yana murmushi. Na ce, “Malam, ka yi haƙuri, sai an buɗe.” Murmushin ya ɓace, ya ce, “Ni za ka buɗe wa aiki? Ni da na koya maka riƙe sifana?” Ban taɓa jin nauyin magana irin na ranar ba. A tarbiyyarmu ƙarami ba ya tuhumar babba a gaban yara, kuma na san yadda abin zai zauna masa a rai. Amma na tuna da jirgin Continental Express da ya tarwatse a sama a jihar Texas ta Amurka a watan Satumban 1991, mutum 14 suka mutu, saboda masu aikin yamma sun kwance kusoshi 47 a saman wutsiya ba su faɗa wa masu aikin dare ba, kuma babu wanda ya hau ya gani. Muka buɗe, na haska, na taɓa noti da fil ɗin da ke kulle shi da yatsana, aka motsa wutsiyar ina kallo. Aikin Malam ba shi da aibu ko ɗaya. Na sa hannu, aka rufe, jirgin ya makara da awanni.

Washegari na sami takardar tuhuma cewa na jawo wa kamfani asara ba tare da dalili ba, tunda ba a samu komai ba. Na amsa da cewa dalilin duba na biyu shi ne a duba, ko an samu ko ba a samu ba. Malam bai sake amsa gaisuwata da sakin fuska ba. Da kamfanin ya shiga matsin kuɗi ya zo rage ma'aikata, sunana yana cikin jerin farko.

Na ɗauka da lasisina a hannu ba zan daɗe ba, amma masu wannan sana'a a ƙasar nan ba su da yawa kuma kowa ya san kowa. Duk inda na kai takarda sai a karɓe ni da fara'a, bayan kwana biyu a daina ɗaukar wayata. Wani abokina ya gaya mini gaskiya, ya ce labarina ya riga ni isa, ana cewa na iya aiki amma ina ajiye jirgi a ƙasa. Kuɗin sallama suka ƙare a haya da kuɗin makarantar yara, na sayar da mota, daga ƙarshe muka bar gidan da muke haya a Lugbe muka koma Jos, ɗaki biyu a gidanmu na gado. Mun iso cikin tsananin sanyin Disamba, yaran da suka saba da zafin Abuja suka kwanta da mura da tari. Na koma garejin Baba a Farin Gada ina kwanciya a ƙarƙashin tirela, kuma ba aikin ne ya dame ni ba, domin a cikinsa na tashi. Abin da ke ci mini rai shi ne kallon tausayi da tsofaffin abokai suke yi mini, da kuma sanin cewa ƙa'idar duniya ta ce mai lasisi sai ya yi aikin jirgi na aƙalla wata shida a cikin shekara biyu kafin ya ci gaba da amfani da izininsa. Kowane wata da ya wuce ina jin sana'ata tana zamewa daga hannuna.

A cikin wannan hali Baba ya faɗi da ciwon shanyewar ɓarin jiki. A da ni ne wanda ake kira idan irin wannan ta taso, yanzu kuwa ina tsaye a bakin wurin sayar da magani da takardar likita ina lissafin wanne za a saya wanne za a bari. Matata ta fitar da 'yan kunnenta da sarƙar aurenta ta ba ni, ta ce, “Abban yara, ka kai kasuwa, lafiyar Baba ta fi.” Ba ta taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya, amma nakan ji ta tana kuka a hankali idan ta ɗauka na yi barci. Yayana kuwa bai ɓoye fushinsa ba. A gaban ƙannenmu ya ce taurin kaina ne ya jefa gidan duka a wahala, jiragen da na hana tashi ga su nan suna ta tashi lafiya, kuma rai a hannun Allah yake ba a hannun injiniya ba. Ban ba shi amsa ba saboda yayana ne, kuma saboda wani ɓangare na zuciyata yana faɗa mini irin wannan magana da dare. Nakan kwanta ina tambayar kaina ko ina da haƙƙin sa iyalina su biya kuɗin abin da ni kaɗai na zaɓa, alhali ba zan iya nuna ko mutum ɗaya in ce ga wanda na ceta ba.

Wata rana ina zaune kusa da Baba ina ba shi kunu a cokali, bakinsa ya karkace magana tana fita da ƙyar, ya ce in sake ba shi labarin abin da ya faru tun daga farko. Na ba shi. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko takardar da aka ce in sa wa hannu tana cewa na gani ne. Na ce haka take cewa. Ya tambaya ko na gani, na ce a'a, Baba. Ya ce to ai shaidar zur aka nema a wurina, kuma bai haifi ɗan da zai ci abinci da ita ba. Game da maganar yayana kuma ya ce gaskiya ne rai a hannun Allah yake, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Wannan bai biya bashi ba kuma bai kawo aiki ba, amma daga ranar na daina jayayya da kaina da dare. Baba ya rasu kafin damina ta kama, ina nan ba ni da aiki. Abin da har yau nake jin zafinsa shi ne ban samu halin kai shi inda za a yi masa gashin ƙashi da jinya yadda ya kamata ba, kuma ba zan yi wa kowa ƙaryar cewa wannan ya wuce mini ba.

Aiki ya zo ta hanyar da ban zata ba. Wani jami'in bincike da ya taɓa duba takardunmu a tsohon wurin aikina ya koma wani ƙaramin kamfanin jiragen haya a Abuja, kuma ya tuna da rubutun da na yi a littafin jirgi a daren tayar nan, da awon da na rubuta kamar yadda geji ya nuna. Ya sa aka nemo ni. Na fara da albashin da bai kai rabin na da ba, na yi watanni ina aiki a ƙarƙashin sa idon wani kafin izinina ya dawo, daga baya aka mayar da ni sashen tabbatar da ingancin aiki, inda nake har yanzu.

A wannan kujera na gane cewa gaya wa matasa su yi jarumta ba ya isa, domin na san farashinta, kuma ba kowa ne yake da mata irin tawa ko gidan gado da zai koma ba. Abin da nake ƙoƙari a kai shi ne kada a kai mutum inda sai ya zaɓa tsakanin abincin 'ya'yansa da gaskiyar sa hannunsa. Mun rubuta cewa idan mai lasisi ya tsayar da jirgi, manajan kasuwanci ba ya kiran sa kai tsaye, sai dai ya bi ta ofishina. Miƙa aiki tsakanin masu rana da masu dare a rubuce ake yi, kuma a gaban jirgin, mai tafiya ya nuna wa mai karɓa duk abin da ya kwance da yatsa. Wanda aka katse shi a tsakiyar aiki, ko da kiran salla ne ko waya, idan ya dawo sai ya koma baya mataki uku a katin aiki ya sake bi. Kowane akwatin kaya yana da gurbin kowane ƙarfe, ana ƙirgawa kafin a buɗe jirgi da kuma kafin a rufe. Wanda ya kawo rahoton kuskurensa da kansa ba a taɓa albashinsa, sai dai mu zauna mu binciki abin da ya kai shi, ko awa nawa ya yi a tsaye, ko hasken wurin ya isa, ko kundin yana kusa da shi. Wanda ya sa hannu a kan abin da bai yi ba kuwa, wannan hukuncinsa daban ne, kuma kowa ya san bambancin. Batun tsawon aikin dare ne har yanzu muke ja da masu kamfanin, domin ƙara mutum ɗaya a jadawali kuɗi ne, kuma ban ci nasara a kansa ba tukuna.

Malam ya yi ritaya ya koma garinsu. Na je gaishe shi da salla, ya karɓe ni da mutunci, muka yi hirar iyali, amma bai tayar da maganar ba ni ma ban tayar ba. Yaron nan da aka kora saboda kan sifana na neme shi na daɗe ban same shi ba, ashe yana gyaran janareto a Nyanya. Na kai sunansa gaban shugabanninmu tare da bayanin dalilin korarsa, na ce wannan dalili shi ne ya sa nake son a ɗauke shi. Yanzu yana tare da mu, yana shirin zama jarrabawar lasisi, kuma shi na ɗora wa kula da ƙirgar kayan aiki a rumfar jiragenmu. Ni kuma ina ci gaba da biyan sauran bashin jinyar Baba kaɗan kaɗan a ƙarshen kowane wata, kuma iyalina sun dawo Abuja a farkon zangon karatun da ya wuce.